Manyan Shafukan Ƙwaƙwalwa a Linux: THP ko hugetlbfs, Wanne Ya Dace da Manhajarka?

Duk mai rubuta manhajar da ke cin ƙwaƙwalwa mai yawa a kan Linux, ko rumbun bayanai ne, ko injin da ke sarrafa saƙonnin da ke bin layin sadarwa, ko kuwa manhajar lissafin kimiyya, ko ba daɗe ko ba jima zai ji an ba shi shawarar ya koma amfani da manyan shafuka. Shawarar tana da tushe, sai dai wanda ya karɓe ta zai tarar da ƙofofi biyu a gabansa. Ɗaya ita ce hugetlbfs, wadda ke cikin Linux tun jerin 2.6 da ya fito a ƙarshen 2003, ɗayar kuma ita ce THP (Transparent Huge Pages, wato manyan shafukan da tsarin ke bayarwa da kansa), wadda Andrea Arcangeli na kamfanin Red Hat ya rubuta, aka shigar da ita a fitowa ta 2.6.38 cikin watan Maris na 2011. Takardun kanel, wato zuciyar Linux da ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa, sun ware wa kowace fayil nata, hugetlbpage.rst da transhuge.rst, kuma kowanne ya fi mayar da hankali ga bayanin maɓallan da ake murɗawa, alhali abin da mai rubuta manhaja yake son sani tun farko shi ne ta wace ƙofa zai shiga.

Kafin a kwatanta su, ya kamata a san ciwon da dukansu biyun suke magani. Adireshin da manhaja ke gani ba shi ne ainihin wurin da bayanin yake a cikin RAM ba. Kanel yana yanka ƙwaƙwalwa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta shafi, kuma a kan injinan x86-64 girman shafi na yau da kullum kilobait 4 ne. Akwai teburin da ke nuna inda kowane shafi ya faɗa, teburin kuma hawa huɗu ne, kowane hawa yana da gurbi 512, kowane gurbi bait 8. Da a ce furosesa zai riƙa hawa waɗannan benaye huɗu duk lokacin da manhaja ta taɓa ƙwaƙwalwa, da aiki bai yi sauri ba, don haka yana da wata 'yar ma'ajiya a jikinsa mai suna TLB, inda yake riƙe amsoshin da ya samo kwanan nan. Matsalar ita ce wannan ma'ajiya ƙarama ce ƙwarai. Furosesa na Intel na zubin Skylake, alal misali, yana da gurbi 1536 a mataki na biyu na TLB ɗinsa. Idan kowane gurbi yana riƙe da shafin kilobait 4, to duka-duka megabait 6 ne kawai zai iya kaiwa gare su ba tare da komawa teburi ba. Manhajar da ke tsalle-tsalle a cikin gigabait 40 na bayanai za ta ɓata kaso mai tsoka na lokacinta wajen neman adireshi, ba wajen aikin da aka rubuta ta dominsa ba.

Babban shafi yana gajarce wannan hawa. Idan aka tsaya a bene na uku, gurbi ɗaya yana wakiltar shafuka 512 a haɗe, wato megabait 2. Idan aka tsaya a na biyu, gurbi ɗaya yana wakiltar gigabait 1. Waɗancan gurabe 1536 da suka rufe megabait 6 kawai, da shafukan megabait 2 za su rufe gigabait 3. Akwai kuma riba biyu da ke biyo baya. Duk lokacin da manhaja ta taɓa shafi a karon farko, furosesa yakan tsaya ya miƙa wa kanel ragama domin ya samo shafin ya share shi. Wannan tsayuwa, wadda zan kira tuntuɓen shafi, tana faruwa sau 262,144 kafin a cika gigabait 1 da ƙananan shafuka, amma sau 512 kawai da manya. Sannan teburin da kansa yana cin wuri: gigabait 64 a ƙananan shafuka yana buƙatar teburi na megabait 128, a manya kuwa kilobait 256 ya wadatar.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, da zarar babban shafi ya zauna a teburi, furosesa bai san ta wace hanya aka samo shi ba. Shafin megabait 2 da ya fito daga hugetlbfs da wanda ya fito daga THP saurinsu ɗaya ne. Saboda haka wanda ya zauna yana tambayar wanne ya fi sauri ya ɗauko zancen ta inda ba zai kai shi ga amsa ba. Bambancin yana wajen alkawari: hugetlbfs tana ba ka tabbaci amma ka biya tun kafin ka fara, THP kuwa ba ta karɓar komai a gaba, ba ta kuma yi maka alkawarin komai ba. Ta farko kamar ɗaukar shatar mota ce, inda kujerun duk naka ne ko ka cika su ko ba ka cika ba. Ta biyu kamar zuwa tasha ne, inda galibi za ka sami wuri, wani lokaci ka jira, wani lokaci kuma a ce ka shiga ƙaramar mota.

Yadda hugetlbfs take aiki, da inda take cizo

A tsarin hugetlbfs, mai kula da sabar ne yake ware rumbun manyan shafuka tun da wuri. Idan ya rubuta 1024 a cikin /proc/sys/vm/nr_hugepages, kanel zai cire gigabait 2 daga hannun kowa ya ajiye su gefe. Daga wannan lokaci babu wata manhaja ta yau da kullum da za ta taɓa su, kanel ma ba zai yi amfani da su wajen riƙe fayilolin da aka karanta daga faifai ba, ko da kuwa babu wanda ya nemi shafi ɗaya daga cikinsu. Samun shafukan ma ba tabbas ba ne idan injin ya daɗe a kunne, domin babban shafi yana buƙatar fili a jere babu tsinkewa, ƙwaƙwalwar da aka yi makonni ana rabawa ana karɓa kuwa takan daddatse. Kana iya neman 1024 a ba ka 700, kuma ba za ka sani ba sai ka duba layin HugePages_Total a /proc/meminfo. Shafukan gigabait 1 sun fi wuyar samu, shi ya sa aka saba ware su tun lokacin tayar da injin, ta hanyar rubuta hugepagesz=1G da hugepages=16, ko adadin da ake so, a layin umarnin kanel.

Manhaja tana isa ga rumbun ta hanyoyi da dama. Tana iya buɗe fayil a inda aka ɗora hugetlbfs, wanda a yawancin tsarukan yau /dev/hugepages ne, ta yi masa mmap, kiran da manhaja ke neman yankin ƙwaƙwalwa da shi daga kanel. Tana iya kiran shmget da tutar SHM_HUGETLB. Tun fitowa ta 2.6.32 tana iya kiran mmap kai tsaye da MAP_HUGETLB ba tare da wani fayil ba, tun 4.14 kuma memfd_create yana karɓar MFD_HUGETLB. Kyawun tsarin yana bayyana a lokacin kiran mmap ɗin: kanel yana lissafa shafukan da ake buƙata ya kama su da sunanka nan take, abin da ake gani a layin HugePages_Rsvd, idan kuma ba su isa ba sai ya mayar maka da ENOMEM, saƙon da ke nufin babu isasshiyar ƙwaƙwalwa, tun kafin ka fara aiki. Ga mai rubuta manhaja wannan babbar ni'ima ce, domin gazawa a farkon tashi, inda za ka iya buga saƙo mai ma'ana ka tsaya, ta fi gazawa da tsakar dare lokacin da dubban mutane suke kan layi. Bayan haka shafukan ba sa motsawa zuwa faifai ko ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci, ba a kuma farfasa su.

Amma tabbacin yana da iyaka, kuma iyakokin nan ne takardun manhajoji da yawa suke mantawa da su. Wanda ya ƙara MAP_NORESERVE ya yafe kamun da aka ambata, don haka idan ya taɓa shafi rumbu kuwa ya ƙare, sigina SIGBUS ce za ta kashe manhajarsa. A injin da ke da furosesa fiye da ɗaya, inda kowanne yake da nasa ɓangaren ƙwaƙwalwa, wato tsarin NUMA, lissafin kamun na injin ne gaba ɗaya, ba na kowane ɓangare ba. Manhajar da aka ɗaure a ɓangare guda tana iya wuce mmap lafiya sannan ta faɗi daga baya, saboda shafukan da suka rage suna ɗaya ɓangaren. Idan manhaja ta yi fork, wato ta haifi kwafin kanta, tana riƙe da yankin MAP_PRIVATE, uwar ce ke da tabbaci, ɗan kuwa yana iya mutuwa idan aka yi rubutu babu shafin da za a kwafa a ciki. Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji masu ban wahala: tsawon da za ka ba munmap, kiran da ke mayar da yankin, dole ya zama ninkin girman babban shafi, kuma fayil ɗin da ke kan hugetlbfs ba ya karɓar kiran write, sai dai a yi masa mmap a rubuta ta nan.

Asarar da ta fi yawan faruwa kuwa ba ta da ƙara ko kaɗan. A ɗauki manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, wadda ta sami maɓallin huge_pages tun fitowa ta 9.4, kuma a kan try yake zuwa. Mai kula da sabar ya ware rumbun gigabait 16, amma lissafinsa ya gaza da 'yan shafuka kaɗan, domin yankin da PostgreSQL ke nema ya ɗan fi shared_buffers, adadin da aka saita mata na riƙe bayanai, girma. Kiran farko zai gaza, manhajar ta koma ƙananan shafuka ba tare da hayaniya ba, ta ɗebi wasu gigabait 16 daga sauran ƙwaƙwalwa, rumbun da aka ware kuwa ya zauna babu mai taɓa shi. An biya kuɗin shata, an kuma sake biyan kuɗin wata motar. Maganinsa shi ne a sa maɓallin a kan on, domin manhajar ta ƙi tashi idan shafukan ba su isa ba, kuma tun fitowa ta 15 ana iya tambayarta adadin da take buƙata daidai ta hanyar shared_memory_size_in_huge_pages.

THP da sunan da ta yi

THP an gina ta ne domin a kauce wa duk wannan ɗawainiya. Babu rumbu, babu abin da ake warewa. Lokacin da manhaja ta yi tuntuɓen shafi a yankin da ya ƙunshi cikakken megabait 2 mai daidaitaccen farko, kanel yana gwada samo babban shafi. Idan ya samu ya ba ta, idan bai samu ba ya ba ta ƙarami, aiki ya ci gaba. Daga baya wani ma'aikacin kanel mai suna khugepaged yana zagayawa yana tattara ƙananan shafuka ya mayar da su babba. Idan ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci, kanel yana iya farfasa babban shafin ya karɓe abin da yake buƙata. Fayil ɗin /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled yana ɗaukar ɗaya daga kalmomi uku: always, wadda ke nufin kowace manhaja ta samu ko ba ta nema ba, madvise, wadda ke nufin sai yankin da manhaja ta nuna da kiran madvise da MADV_HUGEPAGE, da never. Red Hat Enterprise Linux ta daɗe tana zuwa da always, Ubuntu kuwa da madvise, don haka manhaja ɗaya tana iya nuna hali biyu a kan sabar biyu masu ƙarfi iri ɗaya.

Saurin khugepaged abin lura ne ga duk wanda zai dogara da shi. A yadda yake zuwa, yana duba shafuka 4096 ne sannan ya yi barcin daƙiƙa 10, wato megabait 16 a kowane zagaye. Da wannan tafiya, gigabait 1 zai ɗauke shi fiye da minti 10, gigabait 64 kuwa fiye da awa 11. Manhajar da ta tashi a lokacin da ƙwaƙwalwa take a daddatse tana iya yin rabin yini kafin ta sami manyan shafukan da aka yi tsammanin tana da su tun farko. Wannan ne ya sa aka ƙara MADV_COLLAPSE a fitowar kanel ta 6.1 a ƙarshen 2022, domin manhaja ta ce a tattara mata wani yanki yanzu-yanzu, ta ɗauki nauyin jiran da kanta.

THP ta yi mummunan suna a wajen masu kula da rumbunan bayanai, kuma sunan bai zo a banza ba. Dalili na farko shi ne kumburi. A yanayin always, manhajar da ta nemi fili mai faɗi ta taɓa bait ɗaya a cikinsa tana iya karɓar megabait 2 cur a madadin kilobait 4. Abin ya fi muni ga masu rabon ƙwaƙwalwa irin su jemalloc, waɗanda ke mayar wa kanel ƙananan gunduwoyi da MADV_DONTNEED, domin maɓallin max_ptes_none yana zuwa a kan 511, ma'ana khugepaged yana da izinin ya mayar da yankin da shafi ɗaya tak ya rage a cikinsa ya zama babban shafi cikakke. Abin da manhaja ta mayar da hannun dama sai ya dawo mata ta hagu, a ga ƙwaƙwalwarta tana hauhawa kamar tana yoyo alhali babu kuskure a rubutunta.

Dalili na biyu shi ne jinkiri. Share megabait 2 ya ninka share kilobait 4 sau 512, kuma manhajar tana tsaye ne har a gama. Idan babu fili a jere, kanel yana iya tsayar da ita ya shiga matsar da shafukan wasu domin ya haɗa filin, aikin da ke iya ɗaukar lokacin da mai jiran amsa zai ji a jikinsa. Dalili na uku ya shafi fork. Redis, rumbun da ke riƙe bayanansa a ƙwaƙwalwa, idan za ta adana hoton bayananta a faifai, takan haifi ɗa ya yi rubutun, uwar kuma ta ci gaba da karɓar canje-canje. Kowane shafin da uwar ta taɓa sai an kwafe shi, kuma a tsofaffin kanel taɓa bait ɗaya yana nufin kwafe megabait 2. Shi ya sa Redis ta daɗe tana buga gargaɗi a lokacin tashi, Oracle da MongoDB kuma suka shekara suna cewa a kashe THP gaba ɗaya.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suna yanke hukunci da tsohon labari. A fitowar kanel ta 4.6 a 2016, Mel Gorman ya sauya yadda maɓallin defrag, mai kula da haɗa fili a jere, yake zuwa, ya koma madvise, ta yadda manhajar da ba ta nemi babban shafi ba ta daina tsayawa jiran a haɗa mata fili. Ya kuma ƙara zaɓin defer, wanda ke miƙa aikin haɗawar ga ma'aikatan bayan fage. A fitowa ta 5.8 a 2020 aka sauya dokar kwafi bayan fork, ya zama ƙaramin shafi ɗaya ake kwafewa maimakon babban gaba ɗaya. A 6.8 kuma, cikin 2024, aikin Ryan Roberts na kamfanin Arm ya kawo matsakaitan girma kamar kilobait 64, waɗanda ke rage yawan tuntuɓe ba tare da kumburin megabait 2 ba. MongoDB ma, wadda shawararta ta kashe THP ta yaɗu ko'ina, ta juya a fitowa ta 8.0 ta ce a kunna, bayan ta koma sabon zubin mai rabon ƙwaƙwalwa TCMalloc da ya san yadda ake zama da manyan shafuka. Wanda ya kwafo umarnin kashe THP daga rubutun 2014 ya manna a sabar ta yau yana maganin ciwon da aka rage kaifinsa, yana kuma hana sauran manhajojin injin wata riba.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da THP ba ta bayarwa har yanzu. Ba ta ba da shafin gigabait 1 ga ƙwaƙwalwar manhaja ta yau da kullum, ba ta kuma ba da tabbaci. Ƙwaƙwalwar da manhajoji ke rabawa a tsakaninsu, wadda ta samu shiga THP tun 4.8, tana da maɓallinta daban mai suna shmem_enabled, kuma a kashe yake zuwa.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Tambayoyin da ke raba gardama uku ne, kuma dukansu game da manhajar ne da inda za ta zauna. Shin girman yankin sananne ne tun farko, zai kuma zauna cike har manhajar ta mutu? Shin injin naka ne, kana da ikon taɓa layin umarnin kanel? Shin jinkiri na ɗan lokaci asara ce ta gaske a aikinka? Wanda ya amsa da e sau uku, hugetlbfs ce tasa.

Rumbun bayanai mai babban yankin haɗaka shi ne misali mafi bayyana. PostgreSQL tana buɗe aiki daban ga kowane mai haɗuwa da ita, kuma kowane aiki yana da nasa teburin shafuka. Idan yankin haɗakar gigabait 64 ne, kowane aikin da ya zagaye shi duka zai tara teburi na megabait 128. A mafi munin hali, haɗuwa 500 za su cinye fiye da gigabait 62 a tebura kaɗai, kusan girman bayanan da kansu. Da manyan shafuka wannan nauyi yana narkewa ya koma abin da ba a lissafawa. Tunda girman yankin ba ya canzawa kuma sabar ta rumbun ce ita kaɗai, babu abin da aka rasa don an ware rumbu. Haka yake ga DPDK, wadda ke karɓar saƙonni kai tsaye daga katin sadarwa kuma aka gina ta a kan manyan shafukan da aka ware.

Kwamfutocin kwaikwayo da ake gudanarwa da KVM da QEMU sun rabu gida biyu. A cikinsu fassarar adireshi hawa biyu ce, ta baƙo da ta mai masauki, kuma rashin samun adireshi a TLB sau ɗaya yana iya jawo leƙa ƙwaƙwalwa har sau 24, don haka manyan shafuka suna da amfani sosai ta kowace hanya. Mai masaukin da ke cusa baƙi da yawa a injin guda, yana dogaro da cewa ba dukansu za su cika ƙwaƙwalwarsu lokaci ɗaya ba, THP ce ta dace da shi, domin shafukan hugetlbfs ba sa komawa faifai kuma KSM, mai haɗe shafuka masu kama ɗaya, ba ya taɓa su. Wanda kuwa ya keɓe injin ga baƙo ɗaya ko biyu masu aikin da ba ya jure jinkiri, shafukan gigabait 1 na hugetlbfs sun fi masa.

Ga sauran manhajoji, musamman wadda za ka rubuta ka raba wa mutanen da ba ka san injinansu ba, ra'ayina shi ne THP ta hanyar madvise, kuma ina faɗin haka da ƙarfi. Ba ka da ikon tilasta wa kowane mai amfani ya ware rumbu, kuma kai ne ka san wane yanki ne cike makil ake kuma yawan tsalle a cikinsa. Ka nemi wannan yankin da posix_memalign a kan iyakar babban shafi, ka kira madvise da MADV_HUGEPAGE a kansa shi kaɗai, ka bar sauran. Inda ka san yankin warwatse ne, ka sa masa MADV_NOHUGEPAGE, domin ya tsira ko a injin da ke kan always. Idan manhajar gaba ɗaya ba ta jituwa da THP, prctl da PR_SET_THP_DISABLE, wanda ke nan tun 3.15, zai kashe mata ita kaɗai ba tare da an taɓa maƙwabtanta ba. Kada kuma ka rubuta megabait 2 a cikin manhajar kamar doka ce, domin a injinan arm64 da ke amfani da shafin kilobait 64 girman babban shafin megabait 512 ne. Ka karanto shi daga fayil ɗin hpage_pmd_size. Masu Java suna da -XX:+UseTransparentHugePages, wanda idan aka haɗa shi da -XX:+AlwaysPreTouch yake biyan kuɗin tuntuɓe tun lokacin tashi. Wanda kuma ba ya son taɓa rubutun manhajarsa yana iya gwada glibc.malloc.hugetlb, da ya zo a glibc 2.35, inda 1 ke nufin THP, 2 kuma rumbun hugetlbfs.

Da yawa daga cikinmu ƙaramar sabar haya muke aiki da ita, mai gigabait 1 ko 2, wadda ke ɗauke da shafin intanet da ɗan rumbun bayanai a tare. A irin wannan injin ware rumbu asara ce tsantsa, domin kowane megabait da aka killace an hana shi riƙe fayiloli ne. A bar THP a kan madvise a wuce wurin. A cikin Kubernetes kuma, tsarin da ke gudanar da manhajoji a cikin kwantenoni, shafukan hugetlbfs kaya ne da ake nema da suna, hugepages-2Mi ko hugepages-1Gi, kuma sai an riga an ware su a kan injin kafin kwantena ta samu, abin da ke ƙara wani mutum a cikin jerin waɗanda dole su yi daidai.

Ko wanne aka zaɓa, awo ne zai nuna ko an ci riba. Umarnin perf stat da dTLB-load-misses yana nuna ko TLB ce matsalar tun asali. Manhajar da ke karanta bayanai a jere daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa ba ta samun wani abin kirki daga manyan shafuka. Layin AnonHugePages a /proc/PID/smaps yana nuna nawa THP ta bayar da gaske, thp_fault_alloc da thp_fault_fallback a /proc/vmstat suna nuna sau nawa aka samu da sau nawa aka koma ƙarami, compact_stall kuma yana ƙirga tsayuwar jiran haɗa fili. A yi awon a injin da ya kwana biyu yana aiki, domin wanda aka tayar yanzu ƙwaƙwalwarsa a shimfiɗe take, zai ba da sakamakon da ba za a sake gani ba bayan mako guda.

Abu na ƙarshe da ya rage a wuyan mai rubuta manhaja shi ne takardar da zai bar wa mai kula da sabar. Jumlar da ke cewa manhajar tana goyon bayan manyan shafuka ba ta isa ba, tunda ba ta faɗi wace ƙofa ba. Idan hugetlbfs ce, takardar ta faɗi girman shafin da ake nema, yadda ake lissafa adadinsu har da abin da ya hau kan babban yankin, abin da manhajar za ta yi idan ba su isa ba, da yadda za a raba su tsakanin ɓangarorin NUMA. Idan THP ce, ta faɗi waɗanne yankuna ake yi wa madvise, wace kalma ake so a enabled da defrag, da layin da mutum zai duba ya tabbatar abin ya kama. A kowane hali a rubuta lambar fitowar kanel da aka yi gwajin a kanta kusa da shawarar, domin wanda zai karanta bayan shekara biyar ya san ko maganar ta shafi kanel ɗin da ke gabansa.